Dutsen Hayaƙin Malam Hadi

"Kowa ya kwanta! Fuska a ƙasa!"

Rana tsaka, ranar kasuwar Gwaram, su uku suka tare wata bas a kwanar hanya. Ikrima ya riƙe ƙofa. Rilwanu, amininsa tun na ƙuruciya, yana gadin hanya. Ogansu Dogara ya nufi mutum ɗaya tak: Malam Hadi na Maruta, manomin da gari ya ɗauka wai ya haƙo baƙin daimon a gonarsa.

"Jakar, tsoho!"

"Ɗana, wallahi ba abin da kuke zato ba ne—"

Tau! Tsohon ya kife a kan buhun gero. Suka haye babura suka yanki daji.

A gindin wata kuka suka zazzage jakar. Duwatsu masu tsini da gefe shida-shida, garai-garai, sai ka ce an kulle hayaƙi a ciki. Dogara ya goga ɗaya a madubin babur. Ƙiii! Ya tsaga layi.

"Mun warke, maza! Daimon kaɗai ke yanka gilashi!"

Wa ya faɗa masa haka? Oho. Haka kowa ke cewa, kuma ba wanda ya taɓa tambaya.

Rilwanu ya tsuguna yana tattarawa. Dogara ya dubi ƙeyarsa, ya dubi Ikrima, ya ɗaga yatsu biyu. Ikrima ya gane sarai: a raba biyu, ba uku ba. Ya kawar da kai.

Tau!

Da la'asar su biyun da suka rage suka faɗa gidan Hajiya Mansura a Birnin Kudu, mai sana'ar carbi da sarƙoƙi. Kallo ɗaya ta yi wa jakar ta gane mai ita, don shi ke kawo mata duwatsu. Ta ga jinin da ke jikin igiyarta.

"Sai an gwada da wuta, samari. Ku zauna. A'i, je ki sayo gawayi."

Akwai gawayi buhu guda a bayan ƙofa. A'i 'yar aikinta ta duba shi, ta gane saƙon, ta fita da sauri.

Hajiya ta tura dutse ɗaya cikin garwashin kurfoti, tana fifita a hankali, ba ta gaggawa. Can ta zaro shi da awartaki. Hayaƙin ya gudu. Fari fat, ga tsaga a tsakiya.

"Dutsen ƙanƙara ne. Daɗewa a cikin duwatsun ƙasa ke rina shi, zafi ya wanke shi. Shi ma yana yanka gilashi, sakarkaru. Carbi nake yi da shi, da kan zobe."

"Ƙarya kike, tsohuwar banza!"

Dogara ya zaro bindiga. Ƙofa ta ɓalle.

"'Yan sanda! Kar wanda ya motsa!"

Harbi biyu. Dogara ya zube a kan kurfotin.

Ikrima bai ko tashi ba. Da kansa ya miƙa hannu aka buga masa ankwa. Tsoho a kan gero, Rilwanu a gindin kuka, ga na uku yana ƙauri.

Hajiya ta tofar da yawu gefen ƙafarsa.

"Da kun yi sallama kun roƙa, cike da hula zai ba ku. Jikokinsa 'yar carafke suke yi da su a ƙofar gida."