Harshen Aro

Na'urar ta yi ɗan tsaki, koren haske ya kama a jikin ƙwayar azurfar da ke manne bayan kunnen Injiniya Bawale. Irinta ce a kunnen matarsa, Hajiya Tasalla, wadda ke jingine da matashi tana kallon motocin sama suna giftawa ta tagarsu a Sabuwar Haɗeja.

Shi ya ƙera abin, ya raɗa masa suna Harshen Aro. Aikinsa ba wuya: ya ɗauki saƙon da harshen wani ke aika wa ƙwaƙwalwa, ya kai wa wanda nasa harshen ya mutu. Tun zazzaɓin bara Tasalla ba ta san gishiri da sukari ba, komai a bakinta kamar tsumma. Ta yi yaji da abinci, ta rame har awarwaro yana zamewa. Likita ya faɗa ba kwana-kwana: in ba ta koma ci ba, sai dai haƙuri. Bawale ya ji tsoro, tsoro na gaske.

Kofi biyu ya ajiye, jan zoɓo da fari, duka daga gonar saman bene. Farin da hannunta ta jiƙa shi, don tun tana amarya shi take yi masa, shi kuwa kullum sai ya lashe baki ya ce duk garin babu kamarsa.

Ya fara da jan. Citta da kanumfari suka gauraye masa baki. Tasalla ta zabura.

“Wayyo Allah, Malam! Citta! Na ji citta!”

Ya ɗauki farin ya kurɓa. Sai ga fuskarta ta yamutse kamar an ba ta maɗaci.

Oho, a nan gwanin ya yi sake! Ya auna tsami, ya auna zaƙi, bai taɓa kawowa a ransa cewa na'urar za ta kwashi har abin da zuciya ke cewa game da su ba.

“Malam,” ta ce a hankali, “ashe ba ka son farin zoɓo?”

Ya shiga gyaran hular da ba ta karkace ba. “To... ranar farko kara na yi miki. Daga nan kuma ina zan sa fuskata?”

“Shekara arba'in kana kara? Kai, Allah ya shirye ka!”

Dariya ta ƙwace mata, hawaye ya biyo baya. Shi kam wani tunani ne ya faɗo masa. Jibi kamfani zai fara sayar da na'urar, alhali gidaje nawa ne a birnin nan kara kaɗai ke riƙe da su? Ya kai hannu zai kashe ta, Tasalla ta riƙe shi.

“Bari. Ƙara kurɓa ɗaya.”

“Hajiya, ba daɗi za ki ji ba.”

“Na sani. Akwai wani abu a ƙarƙashin tsamin, lokacin da kake haɗiyewa. Shi nake so in sake ji.”

Ya kurɓa, ya haɗiye yana dubanta, kamar yadda ya saba. Ta lumshe ido.

“Wannan ba a zoɓo yake ba,” ta ce, tana share fuska da bakin mayafi. “Tashi ka ɗumamo mana tuwo, Malam. Yunwa nake ji.”