Takobin da Tankari Ya Goge

"Kwanta! Kwanta, laoban!"

Souleymane ya danna wa laoban ɗin, wato tsohon mai shagon, bindiga a wuya. Da rana tsaka fa, a shagon kayan tarihi cikin wani lungun Guangzhou. Abokinsa Ma'azu ya janyo ƙofar ƙarfe — garam!

"Tankari, wanne ne? Yi maza, ɗan maƙera!" in ji Souleymane.

Takubba goma sha biyu a bango. Shi Tankari, bawan Allah, bai taɓa fashi ba. Bizarsa ce ta mutu, Souleymane ya ce in ya gane takobin da wani mai saye ke nema, zai fitar da shi ta jirgin ruwa daga Nansha. A maƙerar ubansa a Tahoua ya tashi, ya san ƙarfe.

Ya zare na huɗu. Miƙaƙƙe ne, da kwari a tsakiyar ruwansa, da kwandon tagulla mai kare hannu. Ya lanƙwasa shi ya saki, ya dawo cak. A gindi an zana Toledo, 1861.

"Shi ne. Na sojan dokin Sipaniya."

Tsohon ya yunƙura. Ma'azu ya sauke masa gindin bindiga a ka — ƙwal!

Kwana biyu suna ɓoye a siton takalma bayan titin Zhanxi Lu, 'yan sanda na bin hotunan kyamara layi-layi. Tankari ya kasa ci. Da ya rufe ido, sai tsohon. To kun san ɗan maƙera, ba ya ganin ƙarfe ya yi baƙi ya ƙyale. Ya samo lemun tsami da yashi, ya yi ta guga, ya yi ta guga, har takobin ya koma madubi.

Mai saye ya zo sanye da safar hannu, ya juya shi, ya ajiye.

"Ba na so. Baƙin nan shi ne shekarunsa, shi nake saye. Kun kankare."

Ya fice. Souleymane ya juyo a hankali.

"Uban wa ya sa ka?"

"Wallahi, yaya, gyarawa na yi."

"Ai ka gyara, gwani. Ma'azu, mu je mu samo wa gwani abinci."

Kwaɗo ya yi ƙaras daga waje. Tankari ya jijjiga ƙofa, ya ƙwala kira. Can sai jiniya! Sai a lokacin ya gane: sun tona shi, kuma duk jikin takobin babu shatin yatsan kowa sai nasa.

Da 'yan sanda suka fasa ƙofar, a zaune suka same shi. Ya dubi tafintan da suka zo da shi.

"Malam, tsohon yana da rai?"

Tafinta ya girgiza kai. Tankari ya miƙa hannuwansa.