Askin Inabi

"Maimaita in ji da kyau," in ji Balki, tana tsaye a ƙofar garkarsu da bokitin ban ruwa a hannu.

Munir ya kasa ɗaga ido. Makullin moto, wato babur ɗinsa, kawai yake murzawa, har dai ya sake faɗa: innarsa, Hajiya Zulaiha, ta ce ba za ta kai goro gidan da ake haɗa giya ba, sai dai in an sare inabin nan.

Giya fa! A gidan Malam Kalla, mahaifin Balki, mutumin da ladan ke tararwa a ƙofar masallaci.

Shi inabin, Malam Kalla ne ya zo da rassansa daga garkunan duwatsun Ayar, can arewa, tun yana saurayi mai bin motocin kaya. Duk fadamar Sabon Gida albasa ake shukawa, don haka aka yi ta masa dariya. Bai kula ba, ya kafa masa rumfa, ya yi ta lallashinsa kamar jinjiri har ya kama. A inuwar rumfar nan Balki ta koyi tafiya. Da ta girma ita ke matse 'ya'yan, ta tace, ta ɗura a butali, ja wur, a kai shagon Munir a Madawa ya sa a firigo ya yi sanyi. Daga kai butali da karɓo butali ne zance ya zama wani zance.

To, ran nan ta zaɓi nunannun 'ya'ya ta matsa wa innarsa na musamman. Gogan naka ya manta butalin a akwatin moto, rana ta yi ta dukansa, da ya tuna kuma ya miƙa hakanan. Hajiya ta buɗe a gaban baƙinta, murfi ya yi sama, kumfa ta wanke mata mayafi, tsami ya cika ɗaki. Wata mai baki ta toshe hanci ta ce wannan ai diban ne, irin giyar nasara. Shi ke nan, magana ta fita.

"Na gaya mata laifina ne, Balkina... wallahi na gaya mata. Ba ta saurare ni ba."

"To ka gaya mata ni da iccen ga gida guda munka tashi," ta ce. "Ina son ka, Munir, kai ma ka sani. Amma ban iya kallon idon Baba in ce ya sare shi."

Ta juya ta shige garka don kada ya ga hawayenta.

Haka aka zauna, ba a fasa ba, ba a kuma yi ba. Butali na zuwa Madawa, gaisuwa na dawowa, kewa na cin kowa. Malam Kalla ya ji komai, ya ce a bar wa Allah, ya ci gaba da ban ruwansa.

Da sanyi ya shigo lokacin aski ya yi. Haka suke kiran abin a gidan: duk shekara sai an datse rassan inabin tas, a bar kututture da 'yan guntaye, in ba haka ba ganye zai yi ta yi babu 'ya'ya. Bana ciwon baya ya matsa wa Malam, sai Balki ta ɗauki almakashi ta hau aiki ita kaɗai.

Wani direban taksi ya hango ta daga hanya, rassa na zuba ƙasa. Kafin azahar labari ya isa Madawa, wai ɗiyar Malam Kalla ta sare inabin ubanta saboda miji.

Hajiya Zulaiha na jin haka tuwo ya fita ranta. Ita mace ce mai saurin fushi da saurin sauka, kuma tun tuni ta gane kunyar da ta sha gaban baƙi ce ta sa ta faɗi abin da ta faɗa. Ta yafa mayafi, ta ce Munir ya tada moto.

Suka tarar da rumfa tsirara, rassa jibge a ƙasa, Balki a tsakiya hannu duk ƙurje. Munir ya tsaya kamar an dasa shi. Hajiya kuwa ta riƙo hannuwan yarinyar, sai hawaye.

"Wayyo ɗiyata... bakina ya ja wannan? Allah ya yafe mini. Gobe goben nan za a kawo goro."

Balki ta sunkuyar da kai. Ga abin da ta daɗe tana roƙo ya zo har garka, shiru kawai za ta yi. Ta dubi Munir, ta dubi Baba da ke zaune a kan tabarma yana jan carbi. Ta san nan da 'yan makonni itacen zai tofo, ya tona ta.

Ta durƙusa.

"Inna, ki gafarce ni... ban sare shi ba. Aski ne munka yi mishi, duk shekara haka muke yi. Zai tofo, zai yi 'ya'ya, kuma zan matse su. In don an sare ne za a kawo goron, to ba a sare ba."

Munir ya runtse ido.

Hajiya ta dubi kututturen, ta dubi yarinyar da ke durƙushe, ta sa gefen mayafi ta share fuska. Sai ga dariya ta kuɓuce mata, wai ita da girmanta ta zo tun daga Madawa tana kukan aski. Malam Kalla ma ya kasa riƙe tasa.

Ta sunkuya ta tsinci reshe ɗaya cikin waɗanda aka zubar, ta jujjuya shi, ta tambayi Malam ko wannan zai kama in an dasa. Ya ce zai kama, amma yana son hannun wanda ya san shi.

"To ni ban san shi ba," in ji Hajiya, tana ɗago Balki. "Sai ku ba ni da mai yi mishi aski."

Ranar da aka kai amarya Madawa, reshen ya riga ya fitar da ganye a bakin randar Hajiya. Balki ta gan shi ta ƙasan lulluɓi, kukan da take yi na barin gida ya tsaya.