Lungun da Ba a Zuba wa Siminti Ba

“Yanzu buɗe idonki, rabin raina.”

Hussaina ta sauke hannayenta daga fuska tana dariya... sai dariyar ta ɗauke.

Baƙin get ne a gabanta, ya sha sabon fenti. Amma ga ƙaton dutsen nan a jikin katanga, mai tsagewa a tsakiya, wanda ita da 'yar biyunta Hassana suke hawa suna sulu har wandunansu su huje.

“Ya kika gani?” Sharafaddeen sai murmushi yake yana kaɗa makullai. “An sa hannu, namu ne! Ga shaguna biyu a gaba za mu ba da haya. Rijiyarsa ko da rani ba ta ƙafewa, titi kusa, ruwa ba ya kwanciya a tsakar gida. Ana tsaka da ruwan sama na zo don in gani da idona...”

“Wa ya kawo ka nan?”

“Baffanki Jika mana, ba dillancin gidaje yake ba? Shi ya ce kada in gaya miki, in yi miki bazata.”

“Mayar da ni gida.”

“Hussaina...”

“Na ce ka mayar da ni gida, Sharaf!”

Bawan Allah, bai san wutar da ya taka ba. Ɗan Bukuru ne, direban motar Jos zuwa Abuja, duk abin da ya tara tun yana kwandasta shi ya juye a gidan nan na Jos Jarawa. Abin da ya sani kawai shi ne Hussaina ta taɓa yin 'yar'uwa ta rasu. Bai san a gidan nan aka haife su ba.

Suna 'yan firamare rikici ya tashi a gari. Suka gudu da kayan jikinsu zuwa filin wata makaranta, suka yi kwanaki a waje cikin sanyin Jos da ba ya tausayin kowa. Hassana dama mai ciwon ƙirji ce. A cinyar mahaifiyarsu ta cika, aka haɗa ta da gawarwaki da yawa aka binne cikin gaggawa, har mahaifinsu ya bar duniya bai iya nuna kabarinta ba.

Da ƙura ta lafa sai aka shiga musayar gidaje, kamar yadda mutanen Jos da yawa suka yi, kowa ya koma cikin nasa. Mahaifinsu ya ba Oga Ambrose mai sayar da kayan gini gidansu na Jos Jarawa, ya karɓi nasa na Dutse Uku. Tsakanin unguwannin biyu ko gumi mutum ba zai yi ba a ƙafa, amma mahaifiyarsu, Inna Maimunatu, ta rantse ita da layin nan har abada. Daga ranar kuma ba a sake ambaton sunan Hassana a gidansu ba.

Baffa Jika kuwa shi ya yi dillancin musayar. Ya san komai sarai.

* * *

Inna na tankaɗe a tsakar gida Hussaina ta gaya mata. Rariyar ta tsaya cak.

“Wane gida kika ce?”

“Namu na da, Inna...”

“Ba mu da gida a can.” Ta ci gaba da tankaɗenta. “In kin zaɓi ki zauna a ciki, Allah ya ba da zaman lafiya. Amma ko haihuwa kika yi ƙafata ba za ta taka ba.”

“To sai ya zuba 'yan haya a ciki duka, mu kama ɗaki a nan kusa.”

“Ki ci tuwo da kuɗin gidan da ya cinye mini 'ya? Ba dai 'yar da na haifa ba!”

Kafin la'asar sai ga Baffa Jika ya shigo yana salati yana tafa hannuwa, kai ka rantse yau ya fara jin labarin. Wai shi ya ɗauka abin zai faranta wa kowa rai. Sannan ya gyara zaman hularsa ya yanke hukunci a matsayinsa na waliyyi: tunda yaro ba shi da muhallin da uwar yarinya ta yarda da shi, a ɗaga biki sai yadda hali ya yi.

Munafuncin dodo ya kan ci mai shi, in ji masu magana. Duk dangi an san ya daɗe yana yi wa 'yarsa Salma sha'awar Sharaf.

Washegari Sharaf ya tsaya a ƙofar shagon ɗinkinta, idanunsa jajur.

“Me ya sa ba ki taɓa gaya mini ba?”

“Me ya sa kai ba ka tambaye ni ba?” in ji ta. “Ka tambayi rijiya, ka tambayi kwata, ka tambayi wutar lantarki. Matar da za ta zauna a ciki ce kaɗai ba ka tambaya ba!”

“Don in faranta miki na yi, Hussaina. Wallahi don ke na yi.”

“Na sani...”

“To ki ce wani abu mana, sanyin idona. In kin ce mu shiga, mu shiga.”

“In bar Inna ita kaɗai? Ni kaɗai na rage mata, Sharaf.”

Ya juya ya shiga motarsa, ko waiwaye bai yi ba.

* * *

Kwanakin da suka biyo baya ba su da daɗin faɗa.

Gida ya koma kamar na makoki, Inna a ɗakinta, Hussaina a nata, sai gaisuwar safe da “ga abinci nan”. A shago ta kan zauna ta tasa leshin bikinta a gaba, ta ɗauki almakashi ta ajiye. Wayarta ta yi tsit. Da can duk inda Sharaf ya tsaya a hanya sai ya kira, ko don ya ce mata ya ga mai gasa masara ya tuna da ita.

Kaɗaici ba baƙonta ba ne, tun ranar da ta farka ba Hassana a gefen tabarma take tare da shi. Har ta girma ba ta daina kwanciya a gefe guda na katifa ba, tana barin wurin mutum ɗaya. Sharaf ne ya fara sa ta manta, ga shi shi ma ya tafi.

Sai labarai suka fara zuwa, don ba a rasa masu kawowa. Wai Salma kullum tana gidan mahaifiyar Sharaf da kulolin abinci. Wai Baffa Jika ya samo masa wani mai kuɗi da zai sayi gidan ya rushe ya gina otal, shi kuma ya ba Sharaf wani gidan a Daɗin Kowa, ya haɗa masa da mata.

Ranar da Salma ta shigo shagon da kanta, har da turare kamar an yi ɓarinsa, ta ajiye atamfa a kan keke.

“Yaya Hussaina, ɗinki na gani na faɗa nake so. Kin san an ce mai rabo ka ɗauka.”

Hussaina ta auna ta tsaf, ta rubuta, ta ce ta dawo jibi. Sai da ta ga fitarta sannan ta kifa kai a kan keken ta yi kuka mai isarta.

* * *

Wata Asabar da hantsi aka yi sallama da wata irin Hausa mai karyayyen harshe. Tsohuwa ce mai jiki, da ɗaurin zani biyu da jaka a hammata. Inna ta fito daga kicin, ludayi ya faɗi daga hannunta.

“Ijeoma?”

“Maman Biyu. Kin tsufa fa!”

Matar marigayi Oga Ambrose ce, wadda wannan gida na Dutse Uku yake nata a da. Rabon da su ga juna tun ranar da motocin kayansu suka yi kiciɓis a hanya.

“Zan koma ƙauye wurin yarona Kosiso,” in ji ta. “Na ce kafin na tafi bari na zo na ga itace na.”

Ba ta jira izini ba ta nufi bayan ɗaki, inda bishiyar fiya ta yi rassa har ta haura katanga. Tun tasowarta Hussaina take ganin Inna na ba bishiyar nan ruwa ko da rani ya yi tsanani ana sayen jarka, ta kuma ga ranar da ta kusa cinye Baffa Jika ɗanye don ya ce a sare ta a yi ɗakin haya. Ba ta taɓa sanin dalili ba.

Madam Ijeoma ta dafa bishiyar, hawaye na bin kumatunta.

“Cibiyar Kosiso yana ƙarƙashin nan,” ta ce wa Hussaina. “Mu haka muke yi, a binne a shuka itace. Ranar da za mu tashi na roƙi mamanki kada ta sare. Ita ma ta roƙe ni abu ɗaya.”

Inna ta juya baya.

“Maman Biyu, ban zuba ba.”

Madam Ijeoma ta matsa kusa da ita.

“Oga ya yi siminti duk tsakar gida, har bayan ɗaki. Na tsaya a lungun nan na ce sai dai a zuba a kaina. Ya yi faɗa, ya ce mini mahaukaciya. Inda kika binne cibiyar yaranki biyu yana nan, ƙasa ne har yau.”

Kafaɗun Inna suka fara rawa.

“Mai otal ya zo da kuɗi masu yawa, na ƙi, don zai kawo katafila. Sai Jika ya ce mini wannan yaro direba yarinyarki zai aura. Na ce to Allah ya gyara, gida ya koma wurin masu shi! Na rage masa kuɗi na sayar. Yanzu kuma ina ji wai kun ƙi, za a ba mai otal ɗin.” Ta share fuska da bakin zani. “Ni dai na riƙe naki. In an rushe, ba hannuna.”

Hussaina ta zauna a gindin bishiyar. Hassana ba ta da kabarin da za a nuna. Duk duniyar nan abin da ya rage nata shi ne ɗan lungun nan.

Inna ta shige ɗaki ta rufo ƙofa. Har baƙuwar ta tafi ba ta fito ba, har rana ta faɗi ba ta fito ba.

* * *

Da safe Hussaina na shara ta ga Inna tsaye da mayafi da takalmi.

“Kira yaron nan.”

Hussaina ta danna lambar Sharaf. Bugu ɗaya ya ɗauka, kamar dama wayar na tafin hannunsa.

“Hussaina?”

“Ka... ka sayar?”

“Sau uku Baffa na kawo mini mutumin. Na kasa. Gidan da aka haife ki ne, ta yaya zan bari a rushe shi?” Ya yi ajiyar zuciya. “Kulolin Salma ma almajiran tasha... kai, 'yan kamasho ne suka yi ƙiba da su. Ni tunda kika ce in mayar da ke gida ban san ɗanɗanon abinci ba.”

Dariya da kuka suka haɗe mata.

“Ka zo da mota, masoyi. Inna ce ke kira.”

A bakin baƙin get ɗin Inna ta tsaya, ta daɗe, har Hussaina ta fidda rai. Sai ta yi bismillah ta sa ƙafar dama.

Ba ta kalli ɗakuna ba, ba ta kalli rijiyar da Sharaf yake ta yabo ba. Kai tsaye ta zagaya bayan ɗakinta na da. Ko'ina siminti ne fes, sai wani ɗan wuri da bai fi faɗin tabarmar sallah ba, jar ƙasa, an kewaye shi da duwatsu, ɗoɗɗoya ta fito a ciki kore shar.

Inna ta durƙusa ta dafa ƙasar da tafukanta biyu.

“Hassana...” ta ce. “Hassanata. Na bar ki ke kaɗai.”

Hussaina ta faɗa jikinta suka yi ta kuka. Rabon da ta ji sunan nan a bakin uwarta tun tana yarinya. Sharaf ya koma gefe ya sunkuyar da kai, shi ma yana goge ido da hularsa.

Da Inna ta miƙe ta kakkaɓe zaninta, sai ta dube shi sama da ƙasa.

“Kai kuma, gobe in za ka sayi ko akurkin kaji ne, ka tambayi matarka.”

“Na ji, Inna. Na tuba.”

“Jika kuwa ni zan same shi. Ranar da aka sa ba za ta motsa ba.”

Ba ta motsa ɗin ba kuwa. Baffa Jika da bakinsa ya ba da auren, fuska a murtuke, Salma ta ce kanta ke ciwo. Madam Ijeoma ta ɗaga tafiyarta ta zo ta cika kwando da fiya daga bishiyarta da ke gidan Inna, ta yi rawa har ɗankwalinta ya faɗi.

Ranar da aka kai amarya, mata na ta guɗa a tsakar gida, Inna ta ja ango gefe ta nuna masa ƙaramin ɗakin da tagarsa ke kallon lungun.

“Shaguna ka ba wa wanda ka ga dama. Wannan kada ka kuskura ka sa ɗan haya.”

“Na wa ne, Inna?”

“Nawa. In matarka ta haihu nan zan sauka.” Ta gyara mayafinta, ta kalli jar ƙasar. “Kuma akwai sauran wuri a gefen Hassana.”