Saƙon da Ya Maƙale a Akwatin Ƙasa

A wani ƙaramin asibiti a Ikara Istifanus ya fara ganin Selina mai buga takardu, ranar da ya je duba musu kwamfuta. Ta miƙa masa ruwa tana tsokanarsa, wai ashe yana magana da mutane. Nan take ta raɗa masa suna Mai Akwati, don aikinsa ke nan: tsara akwati cikin akwati a fuskar kwamfuta, kowanne da gurbin rubutunsa.

Bawan Allah ga nauyin baki. Shi kaɗai yake zaune a Makarfi, ga mulkin soja, ga wahalar mai, motar Ikara sai an yi dace. Da ya gama tsara musu shafin rajistar marasa lafiya, sai ya ƙara ɗan akwati a can ƙasa, ya rubuta abin da bakinsa ya kasa faɗa wa Selina, ya kwafe aikin a faifan kwamfuta, ya ba direban motar Ikara ya kai mata.

Shiru. Damina ta wuce, shiru. Yakan ci tuwonsa yana kallon bango, kewa tana cinsa. Sai ga labari cewa Malam Abraham mai babur ya fara sintiri gidan su Selina a Kurmin Kogi, kuma mahaifinta ya ce gara malami da mai yini gaban talabijin da sunan aiki.

Ya tafi Ikara yin ban kwana. Yana kallon kwamfutarta ya gane abin da ya faru. Fuskar kwamfutar ƙarama ce, shi kuwa a babbar kwamfutar ofishinsu ya yi awonsa, ya ƙayyade wa akwatunan sama tsawonsu. Da babban akwatin ya tsuke, sai suka cinye wurin kaf, na ƙasa ya ɓace.

Ya zauna ya sassauta awon, ya bar kowanne ya bi girman na wajensa. Rubutun ya fito:

"Seli tawa, ɗakina ya yi mini girma ni kaɗai. Za ki aure ni?"

Ta daɗe tana kallo, idonta ya ciko.

"Kullum sai na buɗe shafin nan, ina cewa ko gaisuwa ba ka aiko mini ba," ta ce. "Mai Akwati, tawa amsar ba ta shiga na'ura. Ka turo manyanka wurin Baba."

Tsohon ya cije, har Selina ta shaida wa mahaifiyarta cewa ba ta da wani sai shi. Bayan girbi aka ɗaura auren a coci, tsohon da kansa ya dafa kawunansu ya sa albarka. Allah Ya ba su zaman lafiya, Ya cika ɗakin nan da 'ya'ya.