Ƙirjin Da Ta Kasa Hudawa

"Motar São Paulo ranar Asabar za ta tashi. Daga yau ba zan sake tambayarki ba, Valdirene."

"To ka tafi mana, Juvenal. Ni na taɓa cewa ina son ka? Ko kallonka ba na yi."

Ƙarya take yi, har karen gidan ya san ƙarya ce. Shekara uku Juvenal yana zuwa saran rake a kudu yana dawowa, kullum da roƙo ɗaya, ta aure shi su tafi tare. Ita kuwa idan ta dubi hannun mahaifiyarta, Dona Geralda, yadda yake karkarwa har ba ya iya riƙe totuwar goge yumɓu, sai ta fasa amincewa. Idan ta tafi, wa zai kula da tanderu?

Sana'ar gidansu ita ce gina mutum-mutumin amare da yumɓu, masu lulluɓin farar ƙasa. Amma wata biyu ke nan Valdirene na gina wani namiji a ɓoye, daga kai zuwa ƙugu. Ko 'yar koyo ta san ana rarake cikin mutum-mutumi a huda bayansa da tsinke don tururi ya sami hanyar fita. Ita ma ta sani sarai. Ta ɗauki tsinken ya fi sau biyar, ta kai shi bayan wuyansa, ta kasa. Haka ta cusa shi can ƙuryar tanderu a bayan amare ranar Juma'a, ta hura wuta.

Wuta na kaiwa ganiya suka ji ƙara, fam! Dona Geralda ta ci gaba da tsintar wakenta.

Da safiyar Asabar suka buɗe. Amare uku sun rasa kawuna, namijin kuma ƙirjinsa ya tsage gida biyu. Tsohuwar ta ɗauko guntun kafaɗa ta juya shi, sai ga tabon adda irin na kafaɗar Juvenal an zana shi tsaf, har inda ya ɗan lanƙwasa.

"Wannan tabon na san mai shi. Ashe ba kya kallonsa."

"Mama, ki yafe min amaren..."

Ta ce amare ƙasa ne, ƙasa kuwa ba ta ƙare a bakin kogi ba. Sannan ta faɗi abin da ba ta taɓa faɗa ba: shekara ashirin mahaifin Valdirene na zuwa rake, ba ta taɓa ce masa ya zauna ko ya tafi da ita ba, har ranar da aka dawo da jakarsa ba shi. Tanderu kuwa, ƙanwar ita tsohuwar, Zenilda, ta daɗe tana maitarsa, sai ta zo ta sha hayaƙi.

"Ban haife ki don ki zama hannuna ba, 'yata. Ɗauki kafaɗar nan ki wuce."

Da gudu ta isa bakin titi, ƙafa duk jar ƙasa. Juvenal ya riga ya sa ƙafa ɗaya a mota. Ta danƙa masa guntun yana da sauran ɗumi. Ya daɗe yana shafa tabon da babban yatsa, idanunsa suka kaɗa.

"Ka sake tambayata, masoyi..."

"Na yi rantsuwa a gaban uwata, Valdirene. Ba zan sake ba."

Direba ya danna ƙaho. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba, ga fasinjoji sun zuba ido ta taga, wasu ma 'yan garinsu ne.

"To ni ban rantse ba," ta ce, hawaye na zuba. "Juvenal, za ka aure ni?"

Ya sa guntun yumɓun a aljihun ƙirjinsa, ya maɓalle. Sannan ya ce wa direba ya sauko masa da jakarsa.