Kan Famfon Baba

Ranar da Auta ta fara ganinsa, ruwa ya kai mata idon sawu a kicin, tana riƙe da tsumma da bokiti, ranta in ya yi dubu ya ɓaci.

A gidansu ba a kiran mai gyara. Tun da Baba ya yi ritaya, shi ne kafinta, shi ne mai wuta, shi ne mai famfo. Fankar falo sai an tura ta da sandar mofa take tashi. Ƙofar firij da igiyar roba ake ɗaure ta. Kan famfon kicin kuwa, wani tsoho na tagulla, tun Auta tana rarrafe yake ɗiga, Baba yana naɗe shi da robar tayar keke yana cewa, "Ai da sauransa."

Ran nan dai sauran ya ƙare, Baba kuma ya tafi dubiya.

"Maza kira mai famfon nan na bakin titi," in ji Mama. "Ya yi ya gama kafin Babanki ya dawo."

Saurayin ya zo da jakar kayan aiki, dogo, ƙafar wandonsa a naɗe. Ya rufe ruwan daga waje, ya durƙusa yana kwance ɗaurin Baba a hankali, sai ga shi yana murmushi.

"Wa ya yi ɗaurin nan? Wallahi ya iya."

"Ya iya? Malam, dubi ƙafata."

Ya dubi ƙafar, ya ɗago ya dubi fuskar, a nan kuma ya ɗan daɗe.

"Bututun ne ya fashe, zan canza shi. Amma kan famfon nan tagulla ce ta gaske, yanzu ba a yin irinsa. Roba kawai yake so."

"A sa sabo."

"Ranki ya daɗe, asara ce fa."

"Na ce a sa sabo!"

Ya sa. Ita kuma da ta ji mai sayen tsoffin ƙarafa yana wucewa da kurarsa, ta fita da tsohon ta cilla masa, ta dawo tana kaɗe hannu.

Da Baba ya dawo, ya tsaya gaban sabon famfon yana ƙare masa kallo. Mama ce ta raɗa wa Auta cewa wancan shi ne abu na farko da ya saya suna ango da amarya, da hannunsa kuma ya ɗaura shi.

"Ina nawa?" Baba ya tambaya.

Auta ta kau da kai. "Mai gyaran ne ya tafi da shi," ta ce.

Mai gyaran kuwa, da bai san an ɗora masa laifi ba, sau uku yana dawowa duba bututun da lafiyarsa lau, kullum kuma sai ya daidaici Baba ba ya nan. A na ukun ya tafi da lambarta, ya fara turo mata saƙo.

"Barka da asuba, Ranki-ya-daɗe. Famfo lafiya? Ni dai tun da na bar kicin ɗinku zuciyata take yoyo."

"Injiniya, ka naɗe ta da robar taya. Haka muke yi a gidanmu."

Ta so shi, so mai tsanani, duk da yana ba ta haushi. Takalminta ya tsinke, maimakon ya ce ga sabo, sai ya ciro allura da zare daga jaka. In ya hau gangara kashe babur yake yi. Ta ce masa, "Kai ma fa da alamar ciwon Baba a jikinka." Ya ce ya gode da yabo.

Akwai wani abokin Yayanta da ke zuwa, wanda ƙamshinsa ke riga shi sallama, har Auta ta sa masa Mai Turare. Shi da kansa ya kori kansa. Ya kawo sabuwar fanka, ya dubi gwangwanayen kusoshin Baba da ke jere a baranda ya ce, "Baba, gobe zan turo mota a kwashe tarkacen nan." Baba ya raka shi har ƙofa, ya miƙa masa fankarsa.

Wannan ya sa Auta ta saki jiki, don ta san Injiniya ne irin na Baba. Bayan wata biyu Injiniya ya sa fararen kaya ya zo gaida Baba, ita tana laɓe bayan labule.

"Kai ne ka tafi min da kan famfo?"

Idon Injiniya ya kai kan labulen, inda yatsun ƙafarta suka leƙo, sannan ya sunkuyar da kai.

"Ni na cire shi, Baba. A yi min afuwa."

"Na yafe maka famfo. Amma mutumin da ke jefar da abu don ya tsufa, ba zan ba shi 'yata ba. Ita ma za ta tsufa."

Daga ranar saƙonninsa suka ƙafe. Ta rubuta, "Injiniyana, ka yi fushi ko?" Ya amsa, "Ina kan aiki." Ta sake rubutawa, "Don Allah ka kira ni." Ya ce, "Sai na gama." Kwana tara ana haka. Ta ji haushinsa, ta ji haushin Baba, ta ji haushin sabon famfon da ko ɗigo ɗaya ba ya yi. Wanda ya fi ci mata rai shi ne nata, don ta san ƙaryarta ce za ta raba ta da shi.

A rana ta goma ta sami Baba a baranda yana miƙar da lanƙwasassun kusoshi da guduma. Ta durƙusa.

"Baba, ni na jefar. Shi cewa ya yi a bar shi, roba kawai yake so. Ni na ƙi, kuma na yi maka ƙarya."

Baba ya ajiye guduma ya daɗe yana kallonta, hawaye na zubo mata. Bai kai ga magana ba aka yi sallama.

Injiniya ne, ya rame, hannuwansa baƙi ƙirin. Ya buɗe wani tsumma a gaban Baba, sai ga tsohon kan famfon. Kwana tara ya yi yana bin wuraren masu tsoffin ƙarafa, har ya dace da wanda ke ware tagulla a buhu sai ta taru.

Baba ya juya kan famfon, ya shafa wani ɗan gurbi da ya taɓa gogewa da zarto. Nasa ne.

"Sai dai na kasa gyara shi, Baba. Na zaga kasuwa duk, ba a sayar da robarsa yanzu."

"Sayarwa?" Baba ya gyara zama. "Wa ya ce maka saya ake yi? Auta, ɗauko min tsohon silifas ɗin nan da reza."

Tun hantsi har la'asar suna baranda kai da kai, Baba na yanka, Injiniya na gwadawa, sun manta da wadda ake rigimar dominta. Ta kawo ruwa, ba wanda ya ɗago.

"Mama, kin ga fa," ta ce. "Ni ya zo nema ko Baba?"

Sai da za shi tafi Baba ya riƙe hannunsa.

"Ta saka ka a uku, ka rufa mata asiri, ba ka kuma jefar da ita ba. Ka turo manyanka."

Aka ɗaura aure bayan wata uku. Kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa, Baba kuwa ya kawo ƙunshin tsumma da gwangwanin kusoshi ɗaya. Shi da angon suka ɗaura kan famfon a kicin ɗin amarya, ya sa musu albarka, ya ce Allah ya sa su tsufa tare.

Sati biyu da tarewa, Auta ta ji wani sauti da ta sani tun tana yarinya. Ɗis. Ɗis.

"Injiniya! Zo ka ji abin da kuka jawo min!"

Ya leƙo yana dariya. "Ranki ya daɗe, in sa sabo?"

Ta harare shi, ta dubi famfon, sannan ta cire silifas ɗin ƙafarta ta miƙa masa.

"Ka taɓa shi ka gani. Ai da sauransa."